Kogin Yukon Ya Buɗe: A Ƙyale Masu Kwalekwale Ko A Taka Musu Birki?

A garin Dawson, can arewa maso yammacin Kanada, agogo ne ke sanar da ƙarewar hunturu. Kafin ƙanƙarar da ta rufe Kogin Yukon ta fara laushi, mutanen garin kan kafa wani katako mai ƙafa uku a kanta, su ɗaura masa waya, su jawo wayar zuwa gaɓa su haɗa ta da agogo. Ranar da ƙanƙara ta yunƙura ta tafi da katakon, sai agogo ya tsaya cak, jiniya ta kaɗa, gari ya ɗunguma zuwa bakin kogi. Tun 1896 ake rubuta wannan rana, kuma har gasar canki ake yi a kanta, wadda wata ƙungiyar mata ta garin ke gudanarwa, wani kaso na kuɗin ya tafi ayyukan jinƙai. Galibi abin kan faru a kwanaki goman farko na Mayu. Amma a 2016 kogin ya buɗe tun 23 ga Afrilu, alhali a 1964 sai da aka kai 28 ga Mayu. Tsakanin ranakun nan biyu mako biyar ne cur.

Abin da ake gani daga gaɓa a wannan rana yana da ban tsoro da ban sha'awa. Ƙanƙara mai kaurin da kan kai mita guda tana tsattsagewa, manyan ɓangarori suna hawa kan juna, suna miƙewa tsaye, suna kifewa, suna tafe da bishiyoyin da suka tumɓuke daga gaɓa. Rugugin kan kai kunnen wanda ke cikin gari. Bayan kwana kaɗan manyan sun wuce, sai ruwa mai launin ƙasa ya bayyana, yana gudu, ɗauke da gutsattsarin ƙanƙara da kututture.

A daidai wannan lokaci ne, a Dawson da sauran garuruwan arewa irin su Whitehorse da Yellowknife da Fairbanks ta Alaska, ake fara ganin masu sauke kwalekwale daga rufin mota. Da yawansu kayak ne ke hannunsu, wato siririn kwalekwalen nan na mutum ɗaya, wanda samansa a rufe yake in ban da ramin da matuƙi ke zama, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Wasu kan jira kogi ya share. Wasu kuwa da zarar ruwa ya buɗe a gefen gaɓa sai su tsoma, ƙanƙara na wucewa ta dama da hagu. Gardamar da ke biyo baya daɗaɗɗiya ce: shin mutum baligi mai hankali yana da ikon shiga ruwan da ya ga dama a ranar da ya ga dama, ko kuwa hukuma na da hurumin cewa a dakata?

Masu cewa a ƙyale mutane suna da hujjar da ba a iya ture ta da hannu ɗaya, kuma hujjar tana zaune ne a ɗaya gaɓar kogin. A ƙetaren Dawson akwai unguwannin West Dawson da Sunnydale, inda mutane ke zaune babu wutar gwamnati, babu ruwan famfo, kuma babu gada tsakaninsu da gari. Da hunturu suna bi ta kan ƙanƙara da ƙafa, da babur ɗin dusar ƙanƙara, har da mota idan an tabbatar da hanyar. Idan kogi ya share, jirgin fito mai suna George Black, wanda ke aiki tun 1967, shi ke ƙetarar da su kyauta daga wajen tsakiyar Mayu zuwa Oktoba. Tsakanin lokacin da ƙanƙara ta daina ɗaukar nauyi da lokacin da ake tura jirgin cikin ruwa akwai makonnin da ba hanya. Masu hali kan tara abinci da man fetur da magani su zauna. Wasu kan ƙaura cikin gari wurin abokai. Amma aiki ba ya jira, rashin lafiya ma haka, kuma ba kowa ke da kuɗin hayar helikwafta ba. Ga irin wannan mutum, ƙaramin kwalekwalen da zai iya ɗauka a kafaɗa ya tsallake tulin ƙanƙarar gaɓa da shi abin hawa ne na zuwa aiki da asibiti. An taɓa shirin gina gada a shekarun farko na wannan ƙarni, tsadar aikin ta sa aka jingine. A hunturun 2016 zuwa 2017 da wanda ya biyo baya kuwa kogin ƙin daskarewa ya yi a gaban garin, har gwamnatin yankin Yukon ta gwada feshin ruwa a Janairun 2018 don ta ƙera hanyar ƙanƙara da kanta, abin bai yi ba. Hukumar da ta kasa samar wa mutane hanyar ƙetarewa, in ji wannan ɓangare, ba ta da bakin hana su neman tasu.

A Yellowknife ma haka abin yake ga masu zama a gidajen da ke kan ruwa a tafkin Great Slave. Idan ƙanƙara ta fara ruɓewa sukan fito da kwalekwale, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, suna tura shi a kan ƙanƙara, in ta burma su faɗa ciki su ci gaba da filafili. A ƙauyen Old Crow da ke bakin Kogin Porcupine, wanda babu titin da ya kai shi, mutanen Vuntut Gwitchin sun daɗe suna fita farautar ɓerayen ruwa masu laushin gashi a ƙarshen hunturu, su dawo gida ta ruwa bayan ƙanƙara ta tafi. A ƙauyukan da ke can ƙasan Kogin Yukon, inda bishiya ta yi ƙaranci, kututturan da kogi ke kawowa bayan buɗewarsa su ne itacen hura wuta, kuma wanda ya makara ya rasa. Dokar da za ta ce kowa ya kauce wa ruwa a waɗannan makonni za ta fara faɗawa ne a kan waɗannan mutane kafin ta kai ga ɗan yawon buɗe ido.

Akwai kuma maganar zuciya, wadda bai kamata a raina ba. Mutumin Dawson ya sha wata shida na sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, ya yi makonni hasken rana bai taɓa rufin gidansa ba saboda duwatsun da suka kewaye garin. Sai ga Mayu, yini ya kai awa 17 ko fiye, agwagi da dinya sun dawo daga kudu, iska ta yi ɗumi. Lokacin buɗaɗɗen ruwa gajere ne. Wanda ya ce masa ya ƙara haƙurin mako biyu yana neman ya yafe wani yanki mai tsoka na ɗan abin da shekara ta ba shi.

To amma wannan ɗumin iska shi ne tarkon, kuma daga nan ɓangare na biyu ke ɗaukar magana. Iska na iya kai digiri 15, mutum ya fito da 'yar riga, alhali ruwan da ke ƙarƙashinsa bai yi nisa da sifili ba. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da yadda iska mai sanyi iri ɗaya ke yi. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya shafe shekaru yana nazarin abin da ruwan sanyi ke yi wa ɗan Adam, har da shiga cikinsa da kansa, ya taƙaita lamarin da lambobi uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi ke ƙwacewa. Mutum ya ja iska da ƙarfi ba da son ransa ba, kuma idan kansa na cikin ruwa a wannan daƙiƙa, ruwan zai shaƙa. Daga nan yana da kimanin minti goma da hannuwa da ƙafafu za su yi masa biyayya kafin yatsu su kasa riƙe igiya. Sai kuma kimanin awa ɗaya kafin sanyi ya gusar masa da hankali. Awar nan ta ƙarshe ta wanda ke sanye da rigar kariya ce, mai hana nutsewa. Wanda ba ya sanye da ita ba ya kai wa can, kome gwanintarsa ta iyo, domin hannun da zai yi iyon ya riga ya mutu. Rahotannin nutsewa a Kanada sun daɗe suna nuna abu biyu: yawancin waɗanda ke mutuwa a haɗarin ƙananan jiragen ruwa maza ne da ba su sa rigar ba, kuma yankunan arewa ne ke kan gaba a yawan nutsewa idan aka gwada da adadin mutanensu.

Wannan duk ruwan sanyi ne kawai, irin wanda za a samu ko a tafki mai kwanciyar hankali. Kogin da ke fasa ƙanƙara wani abu ne daban.

Yukon, mai tsawon fiye da kilomita 3,000, a wajen Dawson arewa ya nufa. Wato narkewa na farawa daga sama, can kudu inda aka riga aka yi ɗumi, ruwan ya taho ya tarar da ƙanƙarar ƙasa tana nan da ƙarfinta. A shekarar da ɗumi ya zo a hankali, ƙanƙara kan ruɓe a inda take ta tafi salin-alin. A shekarar da dusar ƙanƙara ta yi yawa kuma zafi ya zo farat ɗaya, ruwa ne ke ɗaga ƙanƙarar ya karya ta da ƙarfin tsiya. Ɓangarorin sai su cushe a wata kwana ko a bakin tsibiri, su zama madatsa. Ruwa ya taru a bayansu ya hau mitoci cikin 'yan sa'o'i. Idan madatsar ta ɓalle, sai igiyar ruwa da ƙanƙara ta gangaro da gudun da ba filafilin da zai tsere mata. Duk wanda ya taɓa ganin busasshen rafi ya cika ya tumbatsa a garin da ko yayyafi ba a yi ba, don ruwa ya sauka a can gaba, ya san irin wannan zuwa na ba-zata. Mai kayak da ke shawagi a gaban Dawson yana ganin ruwa fayau ba ya ganin abin da ke cushe a bayan kwanar da ke sama da shi.

Garin ya ɗanɗana. A farkon Mayun 1979 ƙanƙara ta toshe kogin da dare, ruwa ya mamaye Dawson, a wasu wurare ya kusa mita biyu, ya ɗaga gidaje daga harsashinsu. Wannan ne ya sa aka gina ganuwar ƙasa da ke bakin kogin, aka kammala ta a 1987. A Mayun 2009 irin wannan toshewa ta tura tulin ƙanƙara cikin Eagle da ke Alaska, kimanin kilomita 160 ƙasa da Dawson, ta rushe tsohon ƙauyen 'yan asalin wurin. A 2013 garin Galena, shi ma a Alaska, ne ya sha. Ƙarfin da ke ture gidan katako daga mazauninsa shi ne ake maganar shiga da kwalekwalen roba.

Ko bayan manyan ƙanƙarori sun wuce, sukan bar katanga a gaɓa, tulin da ya fi tsayin mutum, mai santsi, mai zaftarewa. Wanda ya kife ya yi sa'ar kaiwa gefe yana iya tarar da ba wurin hawa. Ruwan kuma ba a ganin cikinsa, domin Kogin White da ke shigowa sama da Dawson yana zubo masa laka daga duwatsun ƙanƙara. Minti goman Giesbrecht a nan suke ƙarewa.

Masu son a ƙyale kan amsa da cewa ran mutum nasa ne, in ya sayi haɗari da kuɗinsa shi ya jiyo. A nan hujjarsu ta fi rauni. A garin da ƙidayar 2021 ta nuna bai kai mutum 2,000 ba, wanda zai fita ceto ba baƙo ba ne. 'Yan sandan tarayya ne ƙalilan, da 'yan kwana-kwana na sa-kai, da maƙwabta masu jirgin inji, mutanen da ke da 'ya'ya a gida. Jirgin inji ba ya son ruwa mai ƙanƙara da kututture, farfela na karyewa, bututun jan ruwa na toshewa. Asibitin garin ƙarami ne, babban yana Whitehorse, fiye da kilomita 500. Da zarar an ce wane ya kife, babu mai tsayawa ya tambaya ko shi ya jawo wa kansa. Za a fita. Saboda haka wanda ya shiga ruwa ranar da ƙanƙara ke gudu ya jefa ran wasu cikin cinikin da ba a shawarce su ba. Wasu na ganin maganin shi ne a riƙa cajin wanda aka ceto, kamar yadda dokar jihar New Hampshire ta Amurka ta ba da dama idan an tabbatar da sakaci. Manyan ƙungiyoyin masu ceto ba sa goyon bayan haka, kuma suna da gaskiya: mai tsoron takardar biyan kuɗi jinkirin kira yake yi, jinkiri kuwa a ruwan sanyi gawa yake haifarwa. Kuɗi ma ba ya mayar da mai ceton da ya tafi.

Sai batun gado, wanda ake yawan jawowa. Gaskiya ne kayak ɗan ƙanƙara ne tun asali. Mutanen Inuit da danginsu ne suka ƙera shi da fatar dabbar ruwa da itacen da teku ke kawowa, suka yi ɗaruruwan shekaru suna farauta da shi a tsakanin ƙanƙarori. A Girinlan sana'ar ta kusa ɓacewa da zuwan jirgin inji, sai matasa suka farfaɗo da ita a tsakiyar shekarun 1980, suka kafa ƙungiyar Qaannat Kattuffiat, wadda a gasarta ake gwada fiye da salo 30 na kifewa da sake miƙewa ba tare da fita daga kwalekwale ba. A yankin Qaanaaq har yau da kayak ake farautar wata babbar dabbar teku mai dogon haure. Duk wannan abin alfahari ne. Amma wanda ya duba da kyau zai ga gadon yana goyon bayan masu taka-tsantsan ne. Maharbin Girinlan tun yana yaro ake horar da shi. Yana sanye da rigar fata da ke ɗaure a fuska da wuyan hannu da bakin ramin kwalekwale, ruwa ba ya shiga. Duk da haka nutsewa a kayak na cikin manyan abubuwan da suka riƙa cin maza a can. Kuma teku ce, ba kogi mai gudu a cikin matsatsi ba. Su kuwa mutanen Hän, 'yan asalin Dawson, waɗanda ake kira Tr'ondëk Hwëch'in, kwalekwalen ɓawon bishiya suka gada, wanda ba ya jure gogar ƙanƙara. Mai kayak ɗin roba da ya saya a kanti bara, in ya jingina da sunan Inuit, ya ɗauki kwalekwalen ne ya bar horon.

Haka misalin Quebec yake. Can, tsakanin birnin Quebec da garin Lévis, fito a kan ƙanƙarar Kogin St. Lawrence tsohuwar sana'a ce da ta zama wasa, ana tseren ta a bikin hunturu na birnin, kuma gwamnatin lardin ta sa ta cikin abubuwan gado a 2014. Masu son a ƙyale kan ce ga shi nan, ana shiga ƙanƙara mai gudu a fito lafiya. Ana shiga, amma mutum biyar ne a jirgi ɗaya mai ƙarfi da aka ƙera don wannan aiki, da takalma masu ƙusa, da horo na watanni, da masu ceto a tsaye ranar tsere.

Sanin gida ma, wanda shi ne babban jarin mazauna, yana fuskantar jarrabawa. Bayanan Dawson sun nuna ranar buɗewa ta matso gaba da kwanaki idan aka gwada da farkon ƙarnin da ya wuce. Abin da ya fi matsowar damuwa shi ne rashin tabbas. A Nenana ta Alaska, inda ake irin wannan gasar canki a Kogin Tanana tun 1917, ƙanƙara ta kai 20 ga Mayu a 2013, ranar da ba a taɓa wuce ta ba a tarihin gasar, sai kuma a 2019 ta tafi tun 14 ga Afrilu, mafi sauri da aka taɓa gani. Iyakar jinkiri da iyakar gaggawa cikin shekara shida. Dattijon da ya san kogi shekara hamsin yana da ilimin da ba na'urar da ta kai shi, amma kogin da ya koya yana sauya hali a gabansa.

Duk da haka, idan aka zo kan rubuta doka, ɓangaren farko na sake samun ƙafar tsayawa. Wa zai tsare ɗaruruwan kilomita na gaɓa? Ikon zirga-zirga a ruwa a Kanada na gwamnatin tarayya ne, majalisar gari ba ta iya wayar gari ta rufe kogi. Akwai kuma tarihin da ke sa kalmar "an hana" ta yi ɗaci a wannan wuri. Bayan an gano zinariya a Klondike a Agustan 1896, dubban baƙi suka kwararo, Tr'ondëk Hwëch'in suka rasa sansaninsu na kamun kifi a bakin kogin, shugabansu Sarki Isaac ya ja mutanensa zuwa Moosehide, kimanin kilomita 5 ƙasa da gari. Sai a 1998 suka sa hannu a yarjejeniyar da ta tabbatar musu da ƙasa da ikon mulkin kansu da haƙƙin farauta da kamun kifi. Duk dokar kogi da za a rubuta a Whitehorse ko Ottawa ba tare da su ba, ta ci karo da wannan yarjejeniya kuma ta ci karo da adalci.

Abin sha'awa, wannan kogi ya taɓa ganin dokar da ta yi aiki, kuma a lokacin buɗewar ƙanƙara aka yi ta. A ƙarshen Mayun 1898 ƙanƙarar tafkin Bennett, can sama da Dawson, ta tafi, jirage fiye da 7,000 da masu neman zinariya suka sassaƙa da hannunsu suka ɗunguma zuwa Dawson, yawancin matuƙan ba su taɓa riƙe filafili ba. A mashigin Miles da gurguzun ruwan White Horse jirage da dama suka farfashe, mutane suka nutse. Sam Steele, shugaban 'yan sandan yankin, bai rufe kogin ba. Ya sa sharaɗi: a duba kowane jirgi kafin ya shiga, sai gwanin matuƙi zai ratsa da shi, mata da yara su zagaya ta tudu, wanda ya saɓa ya biya tarar dala 100. An kuma sa wa jirage lamba, aka rubuta sunayen waɗanda ke ciki, don a san wanda bai iso ba. Asarar rayuka ta ragu ƙwarai, tafiya kuma ba ta tsaya ba. Sharaɗinsa kan mata ɗan zamaninsa ne, ba mai kare shi yau. Amma tsarin, wato a bar hanya a buɗe a tsaurara yadda ake shiga, ya fi kowace shawara da ake ji yanzu ma'ana.

Dokar Kanada ta yau ta tsaya rabin hanya. Ta wajabta wa mai kayak ya ɗauki rigar kariya, da igiya mai yawo a ruwa ta mita 15, da abin kwashe ruwa, da usur. Ba ta wajabta masa sa rigar a jiki ba. Rigar da ke ɗaure a bayan kwalekwale kuwa ba ta da amfani ga wanda numfashinsa ya ƙwace a minti na farko. Wasu jihohin Amurka sun rufe wannan giɓi: a Pennsylvania dole ne mai ƙaramin kwalekwale ya sa ta daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu, a Massachusetts daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Mayu. A Yukon ma ba a buƙatar tsayar da watanni, domin ruwan bai taɓa yin ɗumin da za a amince masa ba. Gasar Yukon River Quest, tseren kilomita 715 daga Whitehorse zuwa Dawson da ake yi tun 1999, a ƙarshen Yuni ake yin ta, makonni bayan ƙanƙara ta tafi, kuma duk da haka ba a barin ɗan tsere ya tuƙa ba riga a jikinsa. Idan gwanaye sun yarda da wannan a Yuni, da wuya a ga dalilin da zai sa ya zama takura ga ɗan koyo a Mayu.

Inda kalanda ba ta da amfani sam shi ne wajen rufe ruwa. Kogin da ranar buɗewarsa ke yawo cikin mako biyar ba a yi masa doka da kwanan wata. Ranar da aka tsayar za ta hana mutane ruwa mai lafiya a wata shekara, ta sake su cikin halaka a wata. Hatta a shekara ɗaya wurare sun bambanta: kogi na iya sharewa a Whitehorse alhali tafkin Laberge da ke ƙasa da shi yana nan a daskare. Abin dubawa shi ne halin da ruwan ke ciki, kuma akwai masu duba shi. A Alaska jami'an hasashen ruwa na bin koguna da ƙaramin jirgin sama kowace shekara suna gargaɗin ƙauyuka, a Yukon ma gwamnati na fitar da sanarwar halin ƙanƙara da barazanar ambaliya.

Idan aka auna duka, kowane ɓangare ya ci rabin shari'ar, amma rabin ba iri ɗaya ba ne. Masu son a ƙyale sun yi gaskiya kan mazaunin da ke ƙetarewa don larura da ɗan asalin da ke neman abincinsa. Waɗannan ba a hana su, taimaka musu ake yi, kuma nauyi ne a wuyan gwamnatin Yukon ta tanadi hanyar fito ta gaggawa ga mutanen ƙetare a makonnin da ba jirgi ba ƙanƙara. Masu son a taka birki sun yi gaskiya kan mai shiga don nishaɗi. Muddin ƙanƙara na gudu, ko an san akwai toshewa a sama, bai kamata a bar kowa ya shiga don wasa ba, kuma a kafa alamar hakan a mashigar jirage bisa sanarwar masu duba kogi, tare da shawarar dattawan Tr'ondëk Hwëch'in. Bayan an sauke alamar, kowa ya shiga, da rigar kariya a jiki bisa doka, da rigar roba mai rufe jiki ruf wadda ruwa ba ya ratsawa, da abokin tafiya, da wani a tudu da ya san lokacin dawowa. Masu ba da hayar kwalekwale su ne ya kamata su fara, kada su miƙa filafili ga wanda bai cika waɗannan ba. Ma'aikatar sufuri ta Kanada kuma ta gyara dokarta, ta mayar da sa rigar kariya wajibi ga duk mai ƙaramin kwalekwale a ruwan arewa.